Wasa 28 a jere babu nasara, amma ni ban ga laifin yaran Detroit ba

A ƙauyenmu nan gefen Ringim waɗanda suka damu da ƙwallon kwando ba su kai yatsun hannu ba, gidan kallo ma in ba Arsenal ko Madrid ba mai gidan ba zai ƙona man janareto ba. Ƙanena na cikin 'yan tsirarun nan, kuma Detroit Pistons ta gasar NBA ta Amurka ya ɗauka. Wasanninsu sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare agogon nan, don haka da asuba yake dubawa, ana idar da sallah zai tsaya bakin masallaci lulluɓe da bargo cikin sanyin hunturu yana ɗaga waya sama ko sabis zai kawo. A ƙarshen 2023 wata biyu cur magana ɗaya yake kawo mini, "Yaya, yau ma an ci mu."

Daga ƙarshen Oktoba har kusan ƙarshen Disamba aka ci su sau 28 a jere, abin da ba a taɓa yi ba cikin kaka ɗaya a NBA, sai ranar 30 ga Disamba suka ci Toronto da ƙyar da 129 da 127. Suka gama kakar da nasara 14, rashin nasara 68. Kuma fa ƙungiya ce da ta ɗauki kofi a 1989 da 1990 da 2004.

Samari a majalisa sun yi ta cewa ai 'yan wasan ne ba su iya ba. Ni ban yarda ba wallahi. Daren da aka yi musu na 27 a hannun Brooklyn, ɗan wasansu Cade Cunningham shi kaɗai ya zuba maki 41, a na 28 kuwa sun ba Boston tazarar maki 21 a gidanta kafin wasan ya suɓuce musu a ƙarin lokaci. Wanda bai iya ba ba ya yin haka. Abin da ke faruwa shi ne in an zo mintunan ƙarshe babu isassun manya a fili da za su ce ku kwantar da hankali, kuma babu isassun masu jefa ta nesa, sai abokan karawa su taru su toshe gindin kwando su bar Cade yana ta fama shi ɗaya.

Duk wanda ya taɓa haɗa sabon ɗan maraƙi a garma ya san ba a ɗaura shi da ɗan'uwansa sabo, da tsohon sa ake haɗa shi har ya koyi bin kunya, in ka haɗa sababbi biyu ranar nan shuka za su tattake maka kuma ba laifinsu ba ne, naka ne. Shugabannin Detroit sababbi suka tara, sannan suka ɗauki dala miliyan 78.5 suka ba koci Monty Williams na shekara shida wai shi zai gyara. Shekara ɗaya ya yi aka sallame shi. Shi ya sa da 'yan kallo suka riƙa ihu a filin wai a sayar da ƙungiyar na ga sun san inda ciwon yake.

Akwai kuma abin da ke ba ni haushi da tsarin can, ba a faɗawa rukuni na ƙasa. Mu nan da Kano Pillars ta faɗo a 2022 kowa ya ji a jikinsa, su kuwa wanda ya zo na kashin baya ma shi ake ba damar zaɓen sabon jini da wuri, to me zai tsorata mai ƙungiya? Ko da yake wannan karon ƙuri'ar da ake jefawa don sanin wa zai fara zaɓe ba ta yi musu daɗi ba, na biyar suka samu.

Da aka canja shugabanci aka kawo koci J.B. Bickerstaff, aka ɗauko gogaggu irin Tobias Harris da Malik Beasley da Tim Hardaway Jr., kusan yaran nan dai su ne suka ci wasa 44 a kakar da ta biyo, suka shiga zagayen fitar da gwani har suka ba New York Knicks wahala kafin ta fitar da su a wasa na shida. Ranar ƙanena ya same ni a bakin rijiya ido jajur don bai yi barci ba, ya ce Yaya an fitar da mu, amma yana murmushi yana nuna mini makin Cade a waya.