Kirarin jarumta ba ya kare nas daga cuta

Shekarar 2020 ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware don karrama ma'aikatan jinya da ungozoma, albarkacin cika shekara 200 da haihuwar Florence Nightingale, Baturiyar da ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani. Ana shirin biki, korona ta sauka. Daga baya hukumar ta ƙiyasta cewa daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021 cutar ta kashe ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000. Tazarar mutum dubu ɗari ke nan, don ƙasashe da yawa ko lissafin ma'aikatansu da suka rasu ba su riƙe ba.

Kirari kam an sha shi: jarumai, dakarun sahun gaba. Yabon gwani ya zama dole, ban ƙi ba. Damuwata ita ce sauƙin da kalmar jarumi ke kawo wa masu riƙe da kasafi. Jarumi ba ya tambayar ina takunkumi, in ya mutu kuma a ce sadaukarwa ce. Nas kuwa ma'aikaciya ce, kuma kare ranta a bakin aiki nauyi ne a wuyan wanda ya ɗauke ta.

A dubi wadda ta fito daga ɗakin killace majinyata. Zufa ta jiƙa ta sharkaf, takunkumi ya kwanta mata a karan hanci har ya bar sawu. Wata ko ruwa ba ta sha kafin ta shiga, don zagayawa na nufin cire rigar kariya a jefar, ga shi babu wata. Wajen cirewar ma haɗarin ya fi yawa: safar hannu, riga, tabarau, takunkumi, kowanne da ƙa'idarsa, ana wanke hannu a tsakani. Wadda ta yi awa 12 a tsaye, yatsanta zai kai ido ba ta sani ba. Shi ya sa nake lissafa hutu da isassun ma'aikata cikin kayan kariya. Rahoton hukumar na 2020 ya ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9. In ɗaya ta kwanta, majinyatanta kan abokiyar aikinta suke komawa, ita ma gajiya ta kai ta ga kuskure. Kusan kashi 90 cikin 100 nasu mata ne, amma kayan da ake raba musu galibi da ma'aunin maza aka yi su. Takunkumin da bai zauna a fuska ba, ado ne.

Za a ce annoba ba ta sallama, kuma a lokacin duniya duka ta ruɗe. Haka ne: a Maris 2020 hukumar ta ce ana buƙatar takunkumi miliyan 89 duk wata. Sai dai an riga an ga gargaɗi. Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kashe ma'aikatan lafiya sama da 500 a Gini da Laberiya da Saliyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage a rubuta shi a doka tun ana zaman lafiya: nas da ta kamu a wurin aiki ta yi jinya da cikakken albashi, in ta rasu a biya iyalinta diyya, kuma kada a hukunta wadda ta ƙi shiga ɗaki babu kariya ko ta fito ta faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 149 kan ma'aikatan jinya tun 1977, amma ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 50 ba.

A 5 ga Mayun 2023 aka janye matakin ta-ɓaci kan korona, tafin da aka riƙa yi wa ma'aikatan jinya ma ya daɗe da tsayawa. Ina so 'yan majalisa da ƙungiyoyin ma'aikatan jinya su tambayi shugabannin asibitoci yanzu: takunkumin kwana nawa ke cikin sito, kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare?