Idan abokin aikinka ya fara neman gafara babu dalili

Bahaushe ba ya rowar gaisuwa. Kafin ma'aikaci ya zauna a kujerarsa da safe an tambaye shi kwana, an tambaye shi gajiya, an tambayi iyali da sanyi ko zafi, kuma kowace tambaya da amsarta a tanade: lafiya lau, ba gajiya, suna lafiya, lokacinsa ne. Ko wanda ya kwana bai runtsa ba haka zai amsa, domin ba a kai ƙara a cikin gaisuwa. Tarbiyya ce mai kyau, amma a wuraren aikinmu ta zama labulen da mutum zai iya laɓewa a bayansa wata da watanni yana narkewa, alhali waɗanda suke wuni tare da shi sun fi matarsa da 'ya'yansa yawan ganin fuskarsa da rana.

Shekarun baya, a wani ofis da na yi aiki, akwai wani magidanci a sashen kuɗi, mutum mai barkwanci wanda ba a cin shinkafa da wake a bakin ƙofa sai da shi. Sannu a hankali ya janye daga kwanon. Ya riƙa zama bayan an tashi, lissafinsa ya fara samun kurakurai, har aka ba shi takardar tuhuma sau biyu. Muka ce halin ƙasa ne, kowa ma ya rame. Sai wani mako fuskarsa ta washe. Ya biya ni naira dubu biyu da na manta ina binsa, ya bar wa wani kwasarsa ta adashi, ya bi tebur tebur yana cewa a yafe masa in ya taɓa ɓata wa wani. Muka amsa da “Allah Ya yafe mana baki ɗaya”, wani ma ya tsokane shi cewa ya zama ustazu.

Dattijon masinjanmu ne kaɗai abin bai kwanta masa ba. Bayan sallar la'asar ya riƙe shi a kan tabarma har kowa ya watse, sannan ya ce masa: “Ɗana, ba Makka za ka ba, azumi kuma da saura. Wannan sallamar ta mece ce? Gaya mini tsakaninka da Allah, kana tunanin kashe kanka ne?” Mutumin ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya fashe da kuka ya ce, “Baba, na gaji.” Ashe albashin da aka riƙe mana wata uku ya tura shi cin bashi a manhajojin waya, bashi ya haifi bashi, masu shi kuma suna barazanar aika hotonsa ga duk lambar da ke wayarsa a matsayin ɓarawo. Baba bai yi masa wa'azi ba, bai kuma bar shi ya tafi gida shi kaɗai ba. Ya kira yayansa, a daren suka kai shi asibiti. Yana nan da ransa, shi ne ma ya ba ni labarin abin da aka faɗa a kan tabarmar.

Dattijon nan bai taɓa zama a wani taron bita ba, amma abin da ya yi shi ne abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke roƙon mutane su yi, kuma shi ne abin da mu masu takardu muka kasa. Dalilin kasawarmu sananne ne. Muna tsoron mugun baki, muna ganin ambaton abu kiransa ne, muna jin cewa in ka tambayi mutum ko yana tunanin kashe kansa ka sa masa ra'ayin da babu shi a ransa. An yi bincike a kan wannan ba sau ɗaya ba, kuma abin da aka gano shi ne tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda kuwa yake ɗauke da shi sau da yawa sauƙi yake ji da aka samu mai iya furta abin a gabansa ba tare da ya zabura ba. Haka nan ba gaskiya ba ne cewa wanda ya ƙudura ba ya fasawa. A 1978 wani malami a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Richard Seiden, ya wallafa sakamakon bibiyar mutum 515 da aka tare a gadar Golden Gate ta Amurka lokacin da suka je halaka kansu, ya tarar bayan fiye da shekara ashirin kusan kashi 94 cikin ɗari suna raye ko kuma sun yi mutuwar Allah da Annabi. Tsananin yakan taso ne kamar hadari, in an samu wanda ya tsaya da mutum har ya wuce, yawanci rayuwa takan ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, saɓanin zaton da muke yi cewa ciwon Turawa ne. A wurinmu abin da ake ƙirgawa bai kai abin da ke faruwa ba, saboda iyali sukan rufa wa kansu asiri, a sanar da rasuwa “bayan gajeriyar rashin lafiya” a wuce wurin. Ban ga laifinsu ba. Amma wannan rufin asirin ne ya sa kowane ofis yake ganin abin ba zai taɓa faruwa a cikinsa ba.

Za a ce mini ai mu masu imani ne, kuma kisan kai haramun ne. Babu mai jayayya da haka, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, ta kuma rufe da ambaton jinƙan Allah gare mu. Tambayata ita ce me muke yi da wannan sanin a gaban mutumin da ciwon damuwa ya danne. Shi ma ya san haramun ne, sanin ne ma yake ƙara masa ganin kansa a matsayin lalatacce, don haka in ka ce masa rashin tawakkali ne ke damunsa ka ɗora masa dutse a kan kayan da ya riga ya kasa ɗauka. Ya kamata mu tuna cewa Nana Maryam, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, kuma amsar da ta samu ita ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ta ci ta sha. 'Yan'uwanmu Kiristoci suna da irin wannan a labarin annabi Iliya, wanda ya roƙi mutuwa a jeji aka ba shi abinci da ruwa aka bar shi ya yi barci. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, kamar yadda ba mu taɓa ganin saɓani tsakanin addu'a da shan maganin hawan jini ba.

“Yi haƙuri, kowa da tasa” ita ce kalmar da ta fi saurin zuwa bakinmu, ita ce kuma ta fi saurin rufe bakin mai magana. Abin da ake buƙata daga abokin aiki ya fi haka wuya kaɗan, amma bai fi ƙarfinsa ba. Ya samu wurin da babu idon jama'a, ya faɗi abin da ya lura da shi, ya yi tambayar kai tsaye, sannan ya yi shiru ya saurara ko da abin da zai ji zai tayar masa da hankali. In amsar ta nuna akwai shiri a ƙasa, kada ya yarda a rantsar da shi cewa ba zai gaya wa kowa ba, kada ya bar mutumin shi kaɗai, a nisanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a nemo wani nasa da shi kansa ya amince da shi, a tafi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, saboda haka babban asibiti mafi kusa ma ya isa wurin farawa.

Akwai wata hujja da nake ɗauka da muhimmanci, wato cewa ofis gidan tsegumi ne, kuma wanda ya buɗe cikinsa yau gobe za a ce ya taɓu, a hana shi ƙarin girma ko a sa sunansa a farkon jerin waɗanda za a sallama. Wannan tsoron gaskiya ne, shi ya sa nauyin bai tsaya kan abokin tebur ba, ya hau kan shugaba. Shugaban da yake riƙe albashi wata uku, ko yake ɗora wa matasan ma'aikatan banki adadin kuɗin da ya san ba za su iya kawowa ba, ko yake zagin magidanci a gaban yaransa, ba zai wanke kansa da taron lacca ranar 10 ga Satumba ba, ranar da duniya ta keɓe tun 2003 domin yaƙi da wannan musiba.

Faransa ta riga ta kai wannan magana gaban alƙali. Kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, ya shirya rage ma'aikata 22,000, da yake kuwa yawancinsu doka ba ta bari a kore su kai tsaye, sai aka ɗauki hanyar ƙuntata musu da sauye-sauyen wurin aiki da wulaƙanci har su gudu da kansu. An ruwaito shugaban kamfanin, Didier Lombard, yana cewa za su fita ko ta ƙofa ko ta taga. Tsakanin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu. A watan Disamban 2019 kotu a Paris ta same shi da wasu manyan jami'ai da laifin mayar da cin zarafi manufar kamfani, ta ci kamfanin tarar yuro 75,000. Tarar ba komai ba ce a wurin irin wannan kamfani, amma hukuncin ya kafa cewa yadda ake tafiyar da ma'aikata yana iya zama laifi ko da shugaba bai taɓa ganin fuskar wanda ya mutu ba. A Najeriya ma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, sai dai ma'aikata nawa ne suka san da haka?

Yawancin mutanenmu ma ba a ofis suke aiki ba. Suna kasuwa da gareji da tasha da wurin gini, inda babu sashen kula da ma'aikata, sai maigida da yaransa, sai shugaban ƙungiya. A Ostareliya, da aka ga yawan magina da ke kashe kansu, an kafa shirin MATES in Construction a jihar Queensland a 2008, wanda ke koya wa leburori da magina yadda za su gane abokin aikin da ya shiga wani hali su haɗa shi da taimako. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa da na masu Keke Napep suna da tsarin da ya fi wannan ƙarfi, tun da suna iya tara kuɗin biki da na jana'iza cikin yini ɗaya.

Babban abin da ke ɗaure wa mai son taimako hannu shi ne doka. Sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada, da sashe na 327 na Criminal Code a Kudu, sun mayar da yunƙurin kashe kai laifin da ke iya kai mutum gidan yari na shekara guda. Ma'ana, wanda ya kai abokinsa asibiti yana iya jin tsoron cewa hannun 'yan sanda ya kai shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ba ta goge waɗannan sassa ba. Ghana ta goge nata a 2023. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce a 2024 gwamnati na da niyyar yin haka, irin wannan alkawari kuwa sai ana bibiyarsa, kuma majalisun jihohi ma suna da nasu aikin tun da kowace jiha ce ke riƙe da dokokin laifukanta.

Abokin aikin namu ya dawo bayan mako uku. Shugaban sashensu, wanda shi ne ya rubuta masa takardun tuhumar nan, ya janye su, ya rage masa aiki na wata biyu, ya kuma sa baki ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata ta biya bashin manhajojin, ana cire masa kaɗan kaɗan daga albashi. Mu huɗu ne muka san abin da ya faru, sauran sun ɗauka zazzaɓin taifot ne, muka bar su a haka. Duk ranar da zai koma ganin likita Baba masinja yakan tuna masa tun da safe, da azahar kuma yakan tsaya a ƙofar sashen kuɗi da kwano a hannu, ba ya motsawa sai ya taso.