Kafin Mu Ce Yaro Ya Cika Ci, Mu Dubi Abin da Doka Ta Bari a Sayar Masa

'Yan uwana matasa, musamman waɗanda suka fara tara iyali, akwai maganar da muke raina wa, alhali ba ta raini ba ce. In yaro ya yi ɓulɓul sai mu ce hutu ne. In ƙibar ta yi yawa kuma sai mu juya kan uwarsa, wai ba ta tsawata masa. Duka biyun kuskure ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibar ta kai matsayin cuta. A 1990 kashi 2 cikin 100 ne ke da irin wannan ƙiba, a 2022 sun kai kashi 8. Halittar yara ba ta sauya ba cikin shekara 30. Abin da ake sayar musu ne ya sauya, da yadda ake tallata musu shi. Ƙarshen abin kuwa ciwon sukari ne da hawan jini tun da ƙuruciya.

Ku ɗauki gwangwanin lemo mai mililita 330. Yawanci akwai sukari wajen giram 35 a ciki, kusan cokalin shayi 9. Shawarar hukumar ita ce gara sukarin da ake ƙarawa ya tsaya wajen giram 25 a yini, wannan ma ga babba. Gwangwani ɗaya ya riga ya zarce. Yaro ɗan shekara 6 bai san wannan lissafi ba, bai ma iya raba talla da gaskiya ba, kuma uwa ɗaya ba za ta iya ja da kamfanin da ke bin ɗanta da talla safe da yamma ba. Nan ne aikin doka.

Amma kar ku tafa wa kowace doka don kawai an ambaci lafiyar yara a cikinta. Ku duba yadda aka tsara ta.

Meziko ta sa harajin feso 1, kuɗin ƙasar, a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2014, saye ya ragu da wajen kashi 6 a shekarar farko. Birtaniya ta bi wata hanya a 2018: lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba babu haraji, daga 5 zuwa 8 haraji kaɗan, daga 8 zuwa sama haraji mai tsauri. Tun 2016 aka sanar, don haka kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu kafin ranar ta zo. A ganina wannan ya fi hikima, domin yaron da bai daina shan lemo ba ma ya amfana. Harajin da aka yanke shi da kuɗi tsayayye kuwa, hauhawar farashi kan cinye shi cikin 'yan shekaru in ba a riƙa ɗaga shi ba. Danmak ta gwada harajin kitse a 2011, mutane suka riƙa tsallaka iyaka suna sayo kaya, bayan shekara guda da 'yan watanni aka soke shi.

Dokar da ta fi cancanta ku nazarta ita ce ta Chile, wadda ta fara aiki a 2016. Duk abincin da ya wuce iyaka sai an buga masa baƙin tambari mai kusurwa 8 a gaban kwalin, an rubuta "sukari ya yi yawa" ko gishiri ko kitse. Iyakar kuma lamba ce: tun 2019, giram 10 na sukari a giram 100 na abinci, giram 5 a mililita 100 na abin sha. Kayan da ke da tambarin ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallata shi ga 'yan ƙasa da shekara 14, ba a manna masa zanen katun, ba a saka abin wasa a ciki. Sayen lemo mai yawan sukari ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Sirrin shi ne ma'auni ɗaya ya kulle ƙofa huɗu a lokaci guda.

Duk da haka an samu ɓaraka. Wasu kamfanoni sun cire sukari suka zuba sinadarin zaƙi, harshen yaro ya ci gaba da sabawa da zaƙi. Da Meziko ta yi nata tambarin a 2020, sai ta ƙara gargaɗin cewa kayan da ke da irin wannan sinadari ba na yara ba ne. Talla ma ta gudu daga talabijin ta koma cikin waya, cikin wasanni da bakin masu tarin mabiya. Dokar da ta ambaci talabijin kaɗai ta tsufa tun kafin a sa mata hannu. Haka wadda ta hana sayarwa cikin makaranta ta manta da bakin ƙofa, ko ta hana lemo ba ta tanadi ruwan sha mai tsabta kyauta ba.

Saboda haka in an kawo ƙudurin doka a inda kuke, ku karanta shi, ku je zaman jin ra'ayin jama'a. Ku tambaya: an rubuta iyakar da lamba? Wace hukuma ce za ta duba, kuma nawa ne tarar? In aka ce kamfanoni za su sa wa kansu linzami bisa raɗin kansu, kar ku yarda.

Don Allah kuma a daina yi wa yaro mai ƙiba ba'a, kar a sa shi yunwa da sunan rage jiki ba tare da ganin likita ba, yana cikin girma ne. Kafin doka ta iso, ku juya kwalba ku nemi inda aka rubuta sukari, ku lissafa giram nawa ne a kwalbar duka, ku raba da 4. Abin da ya fito shi ne yawan cokulan da yaron zai shanye.