Bayan korona: wa ke duba hancin raƙuman Illela?

Tun ranar 5 ga Mayu 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan COVID-19, mutanenmu suka naɗe tabarmar zancen. Yanzu in ka ambaci korona a majalisa a Sakkwato dariya za a yi maka, wani ma ya ce ai dama ciwon manya ne. Ni kuwa a ganina mun yi saurin tashi. Korona dangi gare ta, kuma ɗaya daga cikin dangin, wato MERS da ake ɗauka daga raƙumi, ya fi kusa da mu a kan birnin Wuhan na ƙasar Sin inda COVID-19 ta fara ɓulla.

Likitocin dabbobi ne suka fara sanin gidan. A 1931 aka bayyana wani ciwon numfashi mai kashe 'yan tsaki a Amurka, wanda har yau masu gonar kaji ke yi wa rigakafi. Sai a shekarun 1960 aka gano irin ƙwayar a jikin ɗan Adam. Huɗu daga cikin dangin mura kurum suke sawa. Uku ne suka yi ta'adi. SARS ta ɓulla a lardin Guangdong na ƙasar Sin a ƙarshen 2002, ta kama fiye da mutum 8,000, ta kashe 774, aka bi sawunta zuwa kasuwannin namun daji, daga nan zuwa jemagu. COVID-19 kuwa ba sai an ba kowa labari ba: ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta hana maniyyatanmu sauke farali shekara biyu a jere.

Ta tsakiyar, wato MERS, ita ce ta dame ni. A 2012 aka gano ta a jikin wani majinyaci a Jidda. Cikin duk mutum uku da aka tabbatar sun kamu, kusan ɗaya ba ya tashi, don huhu take ci, wani lokaci har da ƙoda, kuma ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon suga illa. Daga raƙumi take tsallakowa. Shi raƙumin bai san ana yi ba, iyakarta 'yar majina, galibi ga ƙanana. A 2015 matafiyi guda ya kai ta Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu, 38 suka rasu, akasari a cikin asibitoci.

To, gwajin jinin raƙuma a Najeriya ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari sun taɓa kamuwa da ita, kuma a 2015 an sami ƙwayar kanta a hancin raƙuma a mayankar Kano. Daga baya aka gwada mahautan da ke aikin raƙumi a can, aka tarar jikin wasunsu ya taɓa karo da ita ba su sani ba. Mu ma ta iyakar Nijar ɗin nan raƙumanmu ke shigowa.

Je ka kasuwar Illela ka tsaya wajen 'yan raƙuma. Dillali zai kama leɓen amale ya buɗe don mai saye ya ga haƙora, kumfa ta zubo masa a hannu, ya goge a gefen riga, ya miƙa hannun a yi musabaha an sallama. Manomi na huɗa da shi, mahauci na fiɗa ba safar hannu, ga nonon taguwa ɗanye a gora ana nema don magani.

Gaskiya ne ba a taɓa tabbatar da mai ciwon MERS a Najeriya ba, kuma masana sun ce irin ta Afirka ba ta kai ta Larabawa kaifi ba. Alhamdulillahi. Sai dai wa ake gwadawa? Makiyayin da numfashinsa ya sarƙe a ƙauyen Gada ko Tangaza, allurar zazzaɓi za a yi masa a kemis, in kwana ya ƙare a ce sanyi ne ya kama shi.

Na san za a ce jihar da ke fama da 'yan bindiga da amai da gudawa ina ta ga ta hancin raƙumi. Akwai ƙanshin gaskiya a nan. Ban kuma ce a hana cinikin raƙumi ko cin namansa ba. Wannan zalunci ne ga dubban magidanta, kuma naman da ya dahu lafiya lau ne. Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi, ga asibitin koyarwa a gari ɗaya. Gwamnatin jiha ta haɗa su, a riƙa ɗaukar samfuri lokaci-lokaci a Illela da Achida da mayankar birni. Duk wanda aka kwantar da ciwon huhu mai tsanani, likita ya tambaye shi ko yana hulɗa da raƙumi. Batun ɗanyen nono da fitsarin raƙumi kuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kiyaye, sanarwar rediyo ba za ta yi ba. Sai likitoci sun zauna da malamai da sarakunan fawa tukuna, don daga bakinsu ne mutane za su yarda su tafasa nonon kafin su sha.