Sarakunan tsibirin Man kafin zuwan Vikings, da namu na Dala

A nan tsibirin Man da nake zaune, tsakanin Ingila da Ailan, in ka tambayi mutum tarihin garinsu da Vikings, mayaƙan teku daga arewacin Turai, zai fara maka, majalisarsu ta Tynwald da suke cewa tun 979 take har bikin cika shekara dubu suka yi mata a 1979, sai Godred Crovan da ya ci tsibirin da yaƙi a 1079. Sai ka ce kafin nan ba kowa a wajen.

Alhali kuwa akwai sarakuna, dangin mutanen Wales ne, kuma kiristoci ne tun Vikings ɗin suna bautar gumaka. Merfyn Frych da ya hau sarautar Gwynedd a arewacin Wales wajen 825, masana da yawa na ganin daga tsibirin nan gidansu ya fito, saboda wani dutse da ke ƙauyen Maughold a tsibirin an sassaƙa masa Crux Guriat, wato gicciyen Gwriad, kuma Gwriad ne sunan mahaifinsa. Ɗan Merfyn ɗin shi ne Rhodri Mawr da mutanen Wales ke tinƙaho da shi har gobe. Tsibirin Man ƙarami ne amma kowa ya sa masa ido, mutanen Ulster ta arewacin Ailan sun kawo hari a 577, Edwin sarkin Northumbria ta arewacin Ingila ma ya mallake shi a ƙarni na 7. A Balladoole da ke kudancin tsibirin kuwa wani Viking aka binne cikin jirgin ruwansa a kan maƙabartar kiristocin da ya tarar, wannan kam ya taɓa min zuciya.

Mu ma fa haka muke, da baƙo muke fara lissafi, Bayajidda a Daura, Bagauda a Kano 999. Amma wallahi mun fi su abin faɗa nesa ba kusa ba. Mun san Barbushe da Tsumburbura, muna da jerin magajiyoyin Daura tun daga Kufuru har Daurama, kuma an gano ana narka ƙarfe a Dala tun ƙarni na 7, zamanin Edwin ke nan. Su kuma 'yan duwatsu ne da sunaye ƙalilan suka rage musu.

To amma je ka ga yadda suka riƙe su. A harabar cocin Maughold rumfa aka yi wa duwatsun don ruwa da iska, kowanne da lambarsa a jiki, ka shiga ka duba kyauta. Mu kuma ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Gijimasu ana ta cinye ta da gine-gine muna kallo, in ka ɗauko zancen Barbushe wani ya ce ai jahiliyya ce a bar ta. Ba wanda ya ce a koma bautar Tsumburbura, amma mutanen nan kakanninmu ne, ya kamata a killace abin da ya rage na ganuwar, a kafa alluna da Hausa a gindin Dala yaran makaranta su riƙa zuwa suna karantawa.