Safa mai maƙoƙo

Sunan ɗan Yaya ya faɗo tsakiyar hunturu, ni kuma bakina ya riga ya ja min, na ce safar jaririn da hannuna zan saƙa. Zaren ulu daga Sabon Gari, kibiyoyi na Umma.

Jikin safa ba komai, zagaye kawai ake yi. Dunduniya ce rigimar. A nan ba a ƙarasa layi, sai an kusa ƙarshe a juya a dawo, kowane zuwa a bar ido ɗaya a baya. Tsakiya tana ta tsawo, gefe da gefe na zaune, har saƙar ta lanƙwasa ta yi ƙoƙo. Baturiyar YouTube salon Jamusawa take koyarwa, inda ake jan zaren sama har ido ɗaya ya koma kamar biyu. Ashe a dawowa haɗe su ake yi a saƙe tare. Data ta ƙare kafin ta kai nan. Ni ɗai-ɗai na bi su, ina ta yaba wa kaina.

Falo cike da mata, Goggo ta zaro ta daga leda da yatsu biyu.

"Wannan fa?"

"Safar jariri ce, Goggo."

Ta juya ta gaba, ta juya ta baya. Ta zura yatsa ta wata ɓula, ya leƙo ta wata. Ta gyara tabarau.

"Ikon Allah. Ni na ɗauka jakar carbi ce. Ku miƙo min yaron."

Na ce ai barci yake. Aka miƙo shi. Ƙafar ta shiga lafiya lau, sai ga dunduniya tana reto a ƙasa kamar maƙoƙo. Goggo ta ɗan taɓa ta, ta yi lilo. Ta sake taɓawa. Maijego ta cusa fuska a filo, kafaɗunta na rawa.

Duk wannan na yafe. Maman Ummi ce ban yafe ba, har da tafa hannu da sharar hawaye. Matar da kwarashina ke hannunta tun azumin bara! Ta ce hula ɗaya za ta yi ta dawo min da shi. Ba hula, ba kwarashi, kullum sai "wallahi yana cikin durowa." Kuma a sunan nan ko sabulu ban ga ta kawo ba, amma shinkafa roba biyu ta tafi da ita.

Ɗayar safar tana jakata. Ita ban ma kai dunduniyar ba.