Mai jego ta ce ba ta da lafiya, kun mayar da ita abin hira

Duk wadda ta tura muryar yarinyar nan gaba ta ci amana. Wadda ta fara fitar da ita daga wayarta ta ci amana, wadda ta aika wa ƙawarta tana cewa "ji ikon Allah" ita ma ta ci, haka wadda ta kunna ta a gidan biki mata suka yi tsit suna saurare. Tun jiya saƙon yake shigo mini ta ko'ina, har daga Daura wata ta kira ni wai ko na san gidan. Ban sani ba, kuma ko na sani bakina ba zai faɗa ba.

Yarinya ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba. Cikin dare ta ɗauki waya ta aika wa 'yar uwarta saƙon murya tana kuka, ta ce ko jaririn ya yi barci ita idonta biyu har asuba, abinci ba ya shiga, in an miƙo mata shi ta ba shi nono ba ta jin komai a ranta, kuma ta fara tsoron kanta. Duk wanda ya san aikin nan, yana jin waɗannan kalmomi ya san mara lafiya ce ke neman taimako. Me ta samu? "Butulci ne, wasu shekara goma suna neman haihuwa." "Sangarta ce irin ta yaran yanzu." "Auren ne ba ta so." Wata babbar mace, wadda ta yi jika, da kunnena na ji ta ce a bar ta da ita kwana biyu ta gyara mata zama.

Ba ta da lafiya. Zan yi ta faɗa har ku gaji da ni. Yarinyar nan ba ta da lafiya, kuma ciwon nata sananne ne, likitoci sun san shi, yana da magani.

Aikina zama da mutane ne ina sauraren damuwarsu, don haka bari in faɗi abin da na sani. Mata da yawa, kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, sukan ji kuka yana zuwa musu ba dalili, ransu yana saurin ɓaci. Sinadaran jiki ne da suka hau lokacin ciki suke sauka gaba ɗaya, ga ciwon jiki, ga rashin barci. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. In ya haura mako biyu yana ƙaruwa, mace ta daina jin daɗin komai, tana ganin kanta uwar banza, tana jin gara ma ba ta duniya, to ya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 da suka haihu na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon. Ku tuna bikin suna nawa kuka je a garin nan na Katsina daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa cikin shekarar nan, sai ku yi lissafi da kanku. Akwai kuma mai tsanani wanda bai cika faruwa ba, kamar mace 1 ko 2 cikin 1000, inda mai jego za ta rikice, tana jin muryoyi, tana ganin abin da babu. Wannan ko kwana ba a bari ya yi, asibiti ake nufa a take.

Na san abin da za ku ce. Iyayenmu sun haifi goma goma, wa ya ji sun yi wannan? Sun yi. Ku zauna da tsofaffin gidanku ku tambaye su labarin wance da aka ce jego ya taɓa ta, da wance da aka mayar gidansu ba ta ƙara komawa ɗakinta ba, da wance da tun haihuwar fari ta zama shiru-shiru har ta koma ga Allah. Ciwon yana nan tun da can, bakin faɗa ne ba su samu ba. Yau an samu wadda ta buɗe baki, kun nuna wa sauran abin da zai same su in suka kuskura.

Wannan shi ne ya fi ci mini rai. Yanzu haka akwai wata mai jego a Sabuwar Unguwa ko Batagarawa da take jin irin abin da yarinyar nan take ji, muryar ta iso wayarta, ta ji dariyar da aka yi. Kuna ganin za ta faɗa wa wani? Za ta haɗiye, ta sa leshi ranar suna, ta yi murmushi a hoto.

Masu cewa raunin imani ne, ku ji tsoron Allah. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Suratu Yusuf, kuma ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki malamai suke kiranta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Nana A'isha kuma, in an yi rasuwa a danginta, takan sa a dama talbina a ba masu makoki, ta ce ta ji shi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Kunu aka dama aka miƙa wa mai damuwa. A ina kuka samo gori? A yi mata addu'a, a yi mata ruƙiyya, ni ma ina yi wa nawa. Amma in ɗanki ya kwana da zazzaɓi, kina tofa masa addu'a kina neman Keke Napep zuwa asibiti, ba ki taɓa cewa imaninsa ne ya yi rauni ba. Ita ma haka za a yi mata.

Abin mamaki, mu Hausawa ba mu da na biyu wajen kula da jikin mai jego. Tun asuba an hura wuta, an tafasa ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, an yi mata wanka, an dama kunu, an gasa nama an barbaɗa yaji. Ɗaki cike da 'yan barka daga safe har dare, kowa ya shigo sai ya karɓi jariri, ya ce kamarsa ɗaya da ubansa, ya ajiye sabulu da turmin atamfa. Ita kuma tana gefen gado, ta yi ɗaurin ƙirji, idonta ya faɗa, tana ta amsa "lafiya lau, Alhamdulillahi". Cikin mutum hamsin da suka shiga ɗakin, babu wadda ta tura ƙofa ta zauna kusa da ita ta ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da barci?"

Abin da ake bukata ke nan, kuma ba sai kin yi digiri ba. Ki sallami mutane, ki miƙa jaririn ga wata, ki zauna. In ta fara magana ki yi shiru. Kada ki katse ta da labarin taki haihuwar, kada ki yi saurin cewa ta gode wa Allah, ta san da haka, shi ya sa ma take jin kunyar abin da take ji. Ki ce kin ji, ki ce ba laifinta ba ne. Ki tambaye ta kai tsaye ko tunanin cutar da kanta ko jaririn yana zuwa mata. Mutane suna tsoron wannan tambaya wai kada a sa mata abin a rai, alhali masana sun tabbatar tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ta ce e, ba a barinta ita kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, a tafi asibiti ranar. In ta ce a'a, duk da haka a kai ta a duba, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna kawo irin wannan kasala. Akwai magungunan da mai shayarwa take sha ba su hana ta ba da nono, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, don haka kada a yar da su bayan kwana uku a ce ba sa yi. Sannan a nema mata barci. Wata ta kwana da jaririn, a kawo shi in zai sha kawai. Mijin ma ya baro majalisa da wuri, ba a haife shi da hannu don riƙe waya kaɗai ba.

Wai kar a kai ta asibiti a ce a dangi akwai mahaukaciya, ƙannenta su rasa mijin aure. Wannan tsoron ne ya cika gidajen mari. Mun manta 2019, da 'yan sanda suka shiga wani gida a Daura suka fito da mutum 67, da yawansu da mari a ƙafa? Iyaye ne suka kai su da hannunsu. A farkon 2023 marigayi Shugaba Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci kuma a rufa masa asiri. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, kullum kuma ficewa suke yi zuwa Ingila da Saudiyya, asibitocin tarayya na musamman irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato sai an yi tafiya. Shi ya sa nauyin ya dawo kan yaya da goggo da ungozoma da ma'aikaciyar jinyar da ke awo. In su ne za su riƙa yaɗa sirrin mara lafiya, ina za ta dosa?

Ba ta da lafiya. Ku goge muryar daga wayoyinku. Wadda ta fitar kuma ta je ta nemi gafararta, ta raka ta asibiti.

Tunda ma maganar jego ake, kunun kanwar nan da ake ɗura wa mata safe da yamma, a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. In kin ga mai jego ƙafarta ta kumbura, tana haki in ta kwanta, kada ki ce ƙiba ce ta jego ki ƙara mata kofin kunu, a je a auna ta. Wata goggona har gobe musu take yi da ni a kan wannan, ta ce ita da kanwa ta yi jego tara.